Sauƙin da Aka Rubuta wa Mele

Shekara talatin da ɗaya Mele ya yi yana jifan doya a kasuwar doya ta Lafiya. Aikin mutum uku ne. Tirela za ta tsaya, mai zuwa Legas ko Fatakwal, mutum ɗaya a ƙasa, ɗaya a bakin bodi yana cafewa, ɗaya a ciki yana jerawa. Na ƙasan shi ne mai jifa. Zai sunkuya ya ɗauki doya, ya miƙe ya cilla ta sama, ba da ƙarfin da za ta kurje ba, ba kuma da sanyin da za ta dawo masa a ka ba. Haka tun hantsi har la'asar. In kaya ya yi tozo ya wuce bodi, hannun mai jifa sai ya tashi ya wuce kansa a kowace doya. A nan ake gane wanda ya iya.

Babarbare ne, a unguwar Bukan Sidi aka haife shi. Ubansa gishiri yake ɗaukowa daga Awe a kan keke yana bi gida-gida, bai bar masa komai ba sai ɗaki biyu da tarbiyya mai tsauri: namiji ba ya kuka da ciwo, mara lafiya ba ya yi wa Allah butulci da bakinsa. Mele ya gwada leburan gini, ya gwada kanikanci, ya bari. Yana da shekara ashirin da huɗu ya shiga lodin doya, a nan ya zauna, a nan ya auri Suwaibatu, da wannan hannun na dama ya ciyar da 'ya'ya biyar. Ba shi da yawan magana, kuma bai yarda da masu yawan magana ba. In dillali ya rantse masa cewa doya lafiyayya ce, ba ya amsawa. Ɗauka yake ya auna a tafin hannu. Ruɓaɓɓiya tana da nauyinta daban, ba sai an tambaye ta ba.

Kafaɗar ta daɗe tana gargaɗi. Shekara shida ko bakwai, in zai sa riga, Suwaibatu daga bakin murhu tana jin ƙarar, ƙurus-ƙurus, kamar ana murza tsakuwa a cikin kwano. Ya shafa man zafi, ya sha ƙwayar kemis, ya ci gaba. Ran wata Talata, lokacin sabuwar doya, ya cilla wata ƙatuwa sai ya ji ɗas a cikin kafaɗar. Hannun ya sauko bai ƙara tashi ba. Mai ɗori ya mammatsa ya ce babu karaya babu gocewa, wannan ba tasa ba ce. 'Ya'yansa da ƙungiyar masu lodi suka tsaya aka kai shi asibiti.

Likitan ƙashin, Dakta Abdurra'uf, daga Abuja yake zuwa sau ɗaya a wata. Ya ɗaga hoton kafaɗar ya ce, "Baba, jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta yage. Wannan za mu ɗinke ta." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, idonsa na kan wayar ya ƙara da cewa, "Mahaɗar ma ta ɗan cinye, amma mu fara da ɗinkin."

Mele ya ji kalmar ɗinki ya riƙe ta. Abin da ya yage ana ɗinke shi ya koma aiki, buhu ma haka ne. Maganar cinyewa kuwa an faɗe ta kamar ana korar ƙuda, shi ma bai ba ta muhimmanci ba.

Aka yi aiki. Mako shida hannun yana rataye a ƙirjinsa. Suwaibatu ce ke cuɗa masa baya, ita ke zura masa riga. Wajen cin tuwo kansa yake sunkuyarwa ya tarar da hannun, tunda hannun ba zai zo baki ba, shi kuma ba zai ci da hagu ba. Duk wannan ya shanye, yana jiran ranar da za a ce ya tashi.

Bayan an cire ratayar aka tura shi sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi su saki. Ɗaki ɗaya ne, gado biyu, benci a waje cike da mutane har wasu na zaune a ƙasa, ma'aikaciya kuma ɗaya tak. Sunanta Mimidoo, 'yar Gboko, wata uku da zuwanta Lafiya. Hausarta a bakin marasa lafiya da masu Keke Napep ta tsince ta. Wata nas ta koya mata yadda ake tambayar jiki, ta kuma gaya mata ma'anar sauƙi: ciwo ya ragu.

"Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Mele.

Ta sunkuya ta rubuta a kati da Turanci. Sannan ta kama gwiwar hannunsa ta ɗaga. Wuta ta tashi daga cikin ƙashin ta hau wuyansa har haƙori. Ya kafa ido a silin, ya ciji leɓe, bai ce uffan ba.

"Kafaɗan yana yi maka zafi?"

"Mun gode Allah."

Ta rubuta wannan ma. Minti biyar, ta kira na gaba.

Litinin da Alhamis, wata uku cur, haka ake yi. Tana tambaya, yana amsawa, tana rubutawa. Da ta ga kati ya cika da sauƙi sai ta ƙara masa aiki: igiya a jikin ƙofa ya riƙa jan hannun sama, daga baya roba mai tauri ya riƙa ja. Yana ja, zufa na ɗiga daga gemunsa. In ya dawo gida sai ya zauna a gindin mangwaro, hannun na kan cinya yana bugawa kamar ganga.

"Malam, ka gaya musu mana," in ji Suwaibatu. "Wata nawa rabonka da ka kwanta a wannan gefen? Hula ma ni nake ɗora maka."

"In gaya musu me? Su suka yanka, su suka ɗinke. Hannun nan sau biyu a mako yana hannunta. Ni zan koya wa mai aiki aikinta?"

"To in ba ta sani ba fa?"

"Yaya za ta riƙe abu a hannu ta kasa sani?"

Da gaske yake. A ganinsa duk wanda ya riƙe kafaɗar nan dole ya ji abin da ke cikinta. Ya ɗauka zafin yana cikin maganin, kuma ita ta san da shi.

A wata na biyar likita ya zo. Mele ya shiga, aka gaisa, Dakta Abdurra'uf ya ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Likitan Bahaushe ne, ya san wannan gaisuwa ce, bai ɗauke ta a bakin komai ba. Kati ya buɗe, ya bi layi-layi da biro, fuskarsa ta washe.

"Ma sha Allah, Baba. Ka yi ƙoƙari. Ɗaga hannun mu gani."

Mele ya karkata jiki, ya ɗage kafaɗa har kunne, ya tura hannun da dukkan ƙarfinsa ya kai shi daidai haɓa. Likitan na zaune bayan tebur, da mutum hamsin a waje suna jiransa.

"Zai saki. Ka koma aiki a hankali."

Bai tashi daga kujera ba, bai taɓa shi ba.

Washegari Mele ya isa kasuwa da hantsi. Iorhemba, Batiben da ya shekara ashirin yana cafe masa doya a bakin bodi, shi ya riƙe masa gurbi duk tsawon jinyar, ya hana a ba kowa. Yana hango shi ya buga jikin mota.

"Jama'a, mai sabon hannu ya dawo! Babarbare, na ƙarfe suka sa maka ko na roba?"

"Sauko ka gani, ɗan Tibi."

"Ni ba zan sauko ba. Wata biyar kana kwance matarka yana ba ka tuwo a baki, mu muna nan muna shan rana. Oya, jefo!"

Ta farko ta bugi bodi ta dawo. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ta biyu ta isa da ƙyar, Iorhemba ya leƙo har ya kusa faɗowa kafin ya cafe. Ta uku, ta huɗu. Dariyar ta tsaya, don kowa na jin ƙarar kafaɗar.

"Mele, bari haka. Gobe ma akwai kaya."

"Likita ya ce in koma. Miƙo hannu."

A ta bakwai ya ji abu ya saki a ciki. Doyar ta faɗi a gabansa, shi ma ya bi ta ya zauna daɓas a ƙasa, a gaban dillalai da mata masu talla da samarin da aka haifa yana wannan aiki. Kafin azahar kafaɗar ta kumbura har riga ta ƙi fita, sai da Suwaibatu ta sa almakashi.

Mako huɗu ya jira zuwan likita. Bai koma gashi ba. A tsakar gida yake wuni, ba mai iya yi masa magana, 'yan dubiya ma sun rage zuwa. Ranar da likita ya zo, Mele ya sa doya guda a leda ya hau Keke. Ya bi layi har aka zo kansa, ya shiga ya dire doyar a kan tebur.

"Haba Baba, ai ba sai ka kawo komai ba."

"Ba taka ba ce."

Ya sa hannun dama ya kama doyar. Ta tashi daga tebur kamar taƙi guda, sai yatsun suka buɗe da kansu, ta faɗi a kan fayil ɗin ta mirgina ƙasa.

"Rubuta wannan," in ji Mele.

Likitan ya dubi doyar, ya dubi katin. "Ban gane ba. Baba, ga shi nan a rubuce. Sau ashirin da huɗu ka zo gashi, kowane zuwa kana samun sauƙi."

"In ji wa?"

Aka kira Mimidoo. Ta shigo tana goge hannu a jikin riga. Da ta ji tambayar ta buɗe ido.

"Baba, kai ne ya faɗa! Kullum ina tambaya, kullum kana ce da sauƙi."

Da Mele ya gane abin da ya faru sai ya miƙe tsaye, kujerar ta faɗi ta baya.

"Gaisuwa! Gaishe ni kika yi, na amsa! Shi kika rubuta? Wata uku kina rubuta gaisuwa?" Muryarsa ta cika ɗakin har na kan benci suka leƙo ta taga. "Ubana ranar da zai rasu, liman ya shigo ya ce Malam ya jiki, ya ce da sauƙi. Bai kai la'asar ba! Wane ɗan halak ne za a ce masa ya jiki ya ce babu sauƙi? Kai kuma, likita, ita baƙuwa ce, kai fa? Ba a cikin Hausa aka haife ka ba?"

Dakta Abdurra'uf ya ajiye biro. "Ni ban san daga nan aka samo abin da ke cikin katin ba."

"Ba ka sani ba don takarda ka duba. Ni ina tsaye a gabanka da kafaɗar, ka duba takarda. Tashi daga kujerar nan. Tashi, ɗana, ka kawo hannunka."

Likitan ya taso. Mele ya kama hannunsa da hagu ya danna a kan kafaɗar, sannan ya juya gwiwar hannun a hankali. Ƙashi ya gurji ƙashi. Ba likitan kaɗai ba, Mimidoo ma daga bakin ƙofa ta ji.

"Tun yaushe take wannan?"

"Tun kana makaranta."

Mimidoo ba ta sunkuyar da kai ba. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta a tsaye take. "Baba, ni ma zan yi magana. Mutum arba'in, ni kaɗai, minti biyar-biyar. Na ji ƙaran, na ce tsufa ne, tunda mai jiki bai ce komai ba. A wurinmu in abu yana zafi mutum yana ihu. Na ɗaga hannunka sau nawa? Ko sau ɗaya ka yi ihu? Ni ba boka ba ne!"

Wannan maganar ta fi komai ƙona wa Mele rai, don ya san akwai gaskiya a ciki, kuma Suwaibatu ta faɗa masa tun da wuri.

Aka sake hoto. Da yamma likitan ya zaunar da shi, wannan karon ya kife wayarsa a kan tebur. Ya ce ɗinkin ya ɓalle ta gefe ɗaya. Ya ce amma babbar matsalar ba ɗinkin ba ce. Tsakanin ƙasusuwan kafaɗa akwai guringuntsi mai santsi da ke sa su zame a kan juna, nasa ya suɗe, saura kaɗan. Jijiya ana ɗinke ta, guringuntsi ba a ɗinke shi. Wanda mahaɗarsa ke lafiya, in an yi masa ɗinki, zafi na raguwa mako bayan mako, hannu na saki. Wanda tasa ta cinye, zafin yakan daɗe, hannun yakan sandare, dole a bi shi sannu, a yi masa allura a gaɓar in ta kama, a rage nauyin motsa jikin maimakon a ƙara.

"Da na taɓa ka ranar nan, da ban ce ka koma ba," in ji likitan. "Wannan laifin nawa ne."

"Naka ne, amma a jikina yake. Yanzu sai me?"

"Akwai wani aikin. A cire mahaɗar a sa ta ƙarfe. Zafin zai ragu sosai."

"Zan yi jifa da ita?"

"A'a."

"To in tambaye ka, kuma kada ka gaishe ni, amsa nake so. Da na yi ihu tun ranar farko, da zan koma jifa?"

Likitan ya ce, "Da wuya, Baba. Da irin wannan mahaɗar, da wuya. Amma da hannun zai kai kunne, ka yi kabbara yadda ka saba. Yanzu ban yi maka wannan alkawarin ba."

"Ashe tun kafin wuƙa ka san ba zan koma ba."

"Na gaya maka ta ɗan cinye."

"Ɗan," in ji Mele. "Aikin shekara talatin ka naɗe a cikin ɗan, kana duba waya. Da ka dube ni ka ce Mele jifa ya ƙare, da na ji zafi kwana biyu na nemi abin yi. Sai ka bar ni wata biyar ina jiran abin da babu." Ya miƙe. "Ƙarfenka ka ajiye tukuna. Ba na sake kwanciya a gaban wuƙa a kan magana."

A bakin ƙofa ya tarar da Mimidoo riƙe da doyar. Ta miƙa masa. Ya ce ta tafi da ita gidanta.

Bayan kumburin ya saɓe ya koma gashi, don hannun ko cokali ya fara gagararsa. Ranar farko Mimidoo ta buɗe baki za ta yi tambaya sai ta fasa. Ta ɗora tafin hannunta a kan kafaɗar, ta ce, "Baba, ba sai ka yi ihu ba. In ya kai wurin zafi, buga gado da ɗayan hannun." Ta ɗaga kaɗan, ya bugi gado har ƙarfen ya amsa. Ta tsaya daidai nan, ta auna da abin awo, ta rubuta lamba. Ta ɗauke igiya da roba. Cikin wata huɗu hannun ya kai ƙirji babu bugun gado, ya kai baki da bugu ɗaya. Daga nan bai ƙara gaba ba.

Saura maganar gurbi. Iorhemba har lokacin ya ƙi yarda a ba kowa na dindindin, yau wannan ya jefa masa, gobe wancan, ƙungiya ta fara ƙorafi. Ran wata Laraba Mele ya je kasuwa ya tsaya a gindin motar.

"Ɗan Tibi, sauko."

Iorhemba ya sauko. Ya dubi hannun, bai yi tsokana ba.

"Cikin masu jefa maka, a ba yaron nan Terhide wurin. Ya fi sauran saiti, sai dai gaggawa."

"Mele, ka ƙara wata biyu. Ni zan jira."

"Kada ka jira. Babu abin da ke zuwa."

"Likita ne ya faɗa?"

"Hannun ne ya faɗa."

Shugaban ƙungiya ya ba shi aikin ware doya, manya gefe, matsakaita gefe, masu tabo gefe. Aikin zaune ne, na tsofaffi, ana yinsa a kan buhu a ƙarƙashin rumfa, abin da ake samu bai kai rabin na jifa ba. Mele ya karɓa bai yi godiya ba, don bai ga abin godiya a ciki ba. Ya shimfiɗa buhun nesa da motoci, ya zauna, ya jawo doyar farko da hagu. Hagun bai san aikin ba, sai ya auna sau biyu sau uku kafin ya yanke inda za ta. Dattijon da ke kusa da shi ya gama tuli guda shi bai ci rabi ba.

"Malam Mele, a taimaka maka?"

"Yi naka," in ji Mele, ya jawo ta gaba.